Ƙwarya ta Uku

Ranar da labarin ya iso ni ina tsakar gida ina tsince aya. Laraba ce, hantsi ya ɗaga. Yaya Abdulrahaman, wan mijina, ya yi sallama a bakin ƙofa, shi da bai taɓa yin sallama a gidanmu ba, kullum sai dai ka ga mutum tsaye a kanka yana tambayar ko an dama fura. Da na ji sallama har sau biyu sai na aje faifan. Ya ce, "Yelwa, sai haƙuri. Babbar mota ta bi ta kan moton Surajo a hanyar Gazawa." Na ce yana likita? Ya ce yana likita, amma ba magani ake yi mishi ba.

Ban yi kuka ba sai da aka kawo jakarsa. Akwai talhon mutane, wato wayoyin hannu, guda huɗu a ciki da ya karɓo gyara, da 'yan ƙarafunansa, da kayen da yake rubuta karatunsa, duk gefen ya jiƙe da man moto, babur ɗin nasa.

Shekara goma sha tara muna tare a Cadawa ban taɓa kiran sunansa ba, sai dai in ce Maigida. Yanzu ga shi ina rubuta shi da hannuna, Surajo, kuma babu mai ce mini ba ni da kunya. Aji huɗu na yi a lakol kafin a cire ni, saboda haka wanda ya ga rubutuna ya karkace sai ya yi haƙuri.

Gyaran talho da rediyo yake yi, yana bin kasuwanni, yau Agye, gobe Gazawa, wani lokaci har Gidan Rumji. Yana da shekara arba'in da uku wani furoje na masu ba da tallafi ya buɗe aji a Agye, wai za a koya wa mutane yaren da ake ba ordinata, wato kwamfuta, umarni da shi. Wata huɗu ne, kwana uku a mako, a ƙarshe a yi egzama, jarrabawa ke nan, wanda ya ci a ba shi takarda daga Yamai. Ya je ya rubuta sunansa bai shawarci kowa ba. Na tambaye shi me zai yi da takardar, tunda ko ordinata ba mu da shi. Ya ce, "Yelwa, tunda aka haife ni ban taɓa riƙe takarda mai tambari da sunana ba, in ba katin ɗan ƙasa ba. Shi kuwa ko mahaukaci ana ba shi." A ajin ƙarshe na firamare ya faɗi egzama sau biyu, kuma Yaya bai taɓa bari ya manta ba.

A rumfar Hamza mai shayi, inda mazan unguwa ke zama daga asuba har rana ta kore su, aka sa mishi suna Injiniya. In ya wuce da kaye a hammata sai wani ya ce, "Injiniya, an yi latti, mushe zai yi bulala." Waɗannan mutane ne da in talhonsu ya ƙi magana suke kawo mishi da hannu biyu kamar jariri marar lafiya.

Ajin kansa abin kallo ne, yadda yake ba ni labari. Su ashirin ne. Akwai ordinata shida a jere jikin bango, kowane an rufe shi da zane mai fure. Direktan wurin, Alhaji Sharifu, ya ce batirin fano mai tara wutar rana ba shi da ƙarfi, ba za a kunna ba sai ranar da baƙi suka zo daga Yamai. Saboda haka malaminsu, Mushe Faruku, wani saurayi mai takalmi mai tsini, yakan rubuta layuka a tablo da alli ya juyo ya ce, "In aka ba na'ura wannan, me za ta nuna?" Su kuma su yi ta canka. Wata huɗu ana koyon iyo a kan tudu, ga kogi an rufe da zane. Egzamar ma haka take, tambaya ashirin da biyar a takarda, kowace maki huɗu, duk me na'ura za ta nuna. Sai mai saba'in ake ba takarda.

Mako biyu da farawa ya dawo bayan la'asar kansa ya yi zafi. Ya ce in ɗauko ƙananan ƙoren nan na awo da tiya ɗaya ta aya. Ya sa gawayi ya rubuta a a jikin ɗaya, b a jikin ɗaya. Ya ce daga yau ni ce ordinata.

"Na'ura ba ta da hankali ko kaɗan," in ji shi. "Abin da aka ce mata kawai take yi, layi bayan layi. Ba ta tambaya, ba ta ƙarawa, ba ta cewa ai ga abin da kake nufi. Shi ya sa na ga ke za ki iya."

Na ce na gode da yabo.

Amma gaskiya ya faɗa, ko da yake ba ta inda ya nufa ba. Shekara takwas na yi a hannun uwarsa, Allah ya jiƙanta. In ta ce zuba gishiri cokali ɗaya ka ga miya na son biyu ka ƙara, ka yi laifi. In ta ce ɗauko tulun da ke ƙofa alhali ka san na ɗaki take nufi, to ka ɗauko na ƙofa, ka bar ta ta ga kuskurenta da idonta. Wanda ya yi wannan makaranta ba ya buƙatar Mushe Faruku.

Ga yadda muke yi. Ya karanta layi, ni in aikata. In ya ce a ya zama huɗu, in zubar da abin da ke cikin ƙwaryar a cikin buhu in ƙirga huɗu in sa. In ya ce b ya zama a, in zubar da na b, in duba nawa ke cikin a, in ƙirgo kamarsa daga buhu in zuba a b, shi a ba na taɓa shi. In ya ce nuna, in faɗi abin da ke ciki. Kafin in faɗa shi ya riga ya rubuta tasa cankar, sai mu gwada. Cikin goma yakan ci shida. Huɗun da yake faɗuwa duk wuri ɗaya ne, ya ga inda maganar ta dosa ya riga ta isa.

Wata rana ya zo yana mita wai na'ura daga sifili take fara ƙirga, in an jera abu aka ce ta ɗauko na ɗaya sai ta ɗauko na biyu. Ya ce wannan wace irin wauta ce. Na ce ranar da aka haifi jariri kwanansa nawa? Ya fara ƙirgawa da yatsa. Na ce ai sai ya kwana ake cewa ɗaya. Washegari ya je ya faɗa a aji kamar shi ya gano, ya dawo yana gaya mini har an tafa mishi.

Wata rana kuma ya rubuta da kansa: a ci gaba da ƙara ɗaya muddin a bai kai goma ba. Amma a layin ƙarin sai ya sa b maimakon a. Na gani sarai. Na fara zuba aya ɗaya-ɗaya a b, ina duba a, yana nan wayam, ina ƙarawa. Ƙwarya ta cika ta fara zuba ƙasa, kaji suka taru. Ya ce, "Ke, ya isa mana." Na ce ba ka rubuta ba. Ya ce, "Yelwa, don Allah tsaya." Na ce ordinata ba ta san don Allah ba. Sai da ya ɗauki bik ya gyara layin sannan na tsaya. Ɗiyanmu uku suna bakin madafa suna ta dariya, shi ma ya rasa yadda zai yi ya bi su.

Saura kwana biyu egzama ya zo da wannan, na riƙe ta a kai kamar sunana:

a ya zama 3
b ya zama 5
a ya zama b
b ya zama a
nuna a da b

Ya ce wannan mai sauƙi ce, musaya aka yi, biyar da uku. Ni kuwa na bi layi. Uku a cikin a, biyar a cikin b. Layi na uku, na juye ukun nan a buhu na ƙirga biyar na sa. Layi na huɗu, na juye b, na duba a, biyar, na ƙirga biyar na sa. Na ce biyar da biyar.

"Ina ukun?"

"Ka ce in zubar."

"Ko yaro ya san musaya ake nufi."

"Ni ba yarinya ba ce, ordinata ce."

Ya ƙi yarda. Na tashi na cika ƙwarya ɗaya da gero, ɗaya da wake, na aje gabansa, na ce ya mayar da geron inda wake yake, waken inda gero yake, kada ya taɓa wani mazubi. Ya ɗaga wannan ya duba, ya aje, ya ɗaga waccan. Har ya fara karkata geron kan waken na riƙe hannunsa, don ni ce zan zauna tsince su. Na ce duk macen da ta taɓa shiga madafa ta san ba a musaya sai da ƙwarya ta uku, ka juye ɗaya a ciki ya jira ka. Su a takardar nan ƙwarya biyu suka ba ka. Ya daɗe yana kallon waken. Ya ce, "Allah ya sa ta fito."

Ta kuwa fito. Ranar Asabar ya dawo daga egzama ya ce tambayata ce ta goma sha bakwai. Ya ce da aka fito waje kowa na cewa biyar da uku, shi kaɗai ya rubuta biyar da biyar, har wani ya ce tsufa ne ya fara taɓa shi. Ya ce bai tanka ba, yana jiran ranar sakamako. Laraba aka yi sallama sau biyu a ƙofata.

Na shiga takaba. Tsoffin gidansu suka ba ni wani koɗaɗɗen zane da 'yar wuƙa da mai takaba ke riƙewa, suka ce ko bayan gida zan je kada in aje ta. Kwana ashirin da rasuwar, wata yarinya ta zo mini gaisuwa daga Agye. Kubra sunanta, tare suke aji, ba za ta wuce shekara ashirin da biyu ba. Yaya yana zaune a inuwar zaure yana jin mu. Bayan addu'a ta ce an liƙa sakamako. Goma sha huɗu suka ci. Baba Surajo, haka suke kiransa, ya samu sittin da takwas.

Yaya ya gyara zama ya ce, "Allah mai rufin asiri. Ya ɗauke shi bai ga na uku ba."

Ba da mugunta ya faɗa ba, wannan ne ya fi ƙona ni. Yadda ake cewa damina ta yi kyau, haka ya faɗa. Na san kafin magariba maganar tana rumfar Hamza, kuma da ita za a riƙa tuna shi, Injiniya da ya faɗi sau uku. Ɗiyansa za su girma su ji.

Na tambayi Kubra ta goma sha bakwai fa, me Mushe ya ce. Ta ce ya yi musu gyara a tablo, biyar da uku ne. Na ce an kunna na'ura an gani? Ta yi dariya kaɗan ta rufe baki, don gidan makoki ne. Ta ce jibi Alhamis za a aika sunaye Yamai a buga takardu.

Washegari da safe na ɗaura zanen takaba, na sa ƙore uku da aya a buhu. Yaya ya tare ni a zaure.

"Ina za ki, kina cikin takaba?"

"Agye. Malam ya ce mai takaba na fita da rana in da lalura."

"Takardar mamaci ce lalura?"

"Talhon da ke aljihunka ma na mamaci ne, Yaya, na ji kana amsa kira da shi."

Ya matsa gefe.

Kubra a gidan gwaggonta ta kwana, muka shiga mota tare. Mun wuce rabin hanya ina yi mata bayanin gero da wake sai na ga ta daina amsawa. Na ce lafiya? Ta ce, "Yaya Yelwa, ni saba'in da biyu na samu. Biyar da uku na rubuta." Ko ni mai aji huɗu na iya cire huɗu daga saba'in da biyu. Na ce in mun isa ta nuna mini ƙofa kawai ta tafi gida, ba zan riƙe ta ba. Muka isa muka sauka. Amma ta bi ni.

Alhaji Sharifu yana buro, ofishinsa, mutum mai cika kujera, da fanka ƙarama tana hura mishi wuya. Ita batir bai gaza mata ba. Ya yi mini ta'aziyya mai tsawo, ya ce Surajo ɗalibi ne abin koyi, ko da yake sai da Kubra ta tuna mishi wane ne. Na faɗi abin da ya kawo ni. Ya aika aka kira Mushe Faruku.

Mushe ya saurare ni yana kallon rufin ɗaki. Da na gama ya yi magana mai yawa da Faransanci, ya juya wajen direkta, suka gyaɗa wa juna kai. Na ce ni ban ji ba. Ya ce, "Madam, abin da nake cewa, wannan fanni ne na ilimi. Na fahimci baƙin cikinki."

Na kwance buhu na jera ƙore biyu a kan teburin direkta, kan takardunsa. Na ce Mushe ya karanta layukan ni in yi.

"Madam, ba girki muke koyarwa ba."

"Na sani. Da girki ne da tuni an kunna wuta an ɗanɗana."

Alhaji ya yi tari. Na ce to a bar ƙore, ga na'ura can shida, a tambayi ɗaya. In ta ce biyar da uku zan roƙi gafara in koma ɗakina in ƙarasa kwanakina. Alhaji ya ce batir, ya ce ƙa'ida, ya ce ba a kunnawa sai da baƙi. Na tambaya yaushe baƙin za su zo. Ya ce mako mai zuwa, bikin rufe aji. Na ce ba komi, zan zauna a barandar nan in jira su, dama zama nake yi a gida. Na gyara zanena zan tashi, 'yar wuƙar ta faɗo kan tebur. Wallahi ba da niyya ba, kuma ko albasa ba ta yankawa. Alhaji ya dubi wuƙar, ya dubi zanen, na ga yana hango baƙin Yamai suna saukowa daga mota su tarar da mai takaba a baranda da ƙore. Ya ce, "Faruku, a kunna mata ɗaya."

Kunnawar ta ɗauki kusan awa. Wayar wuta tana cikin kabad, makullin kabad yana wurin maigadi, maigadi ya tafi cin abinci. Da aka yaye zanen na farko, zanzaro ya yi gini a bayansa har hawa biyu. Da allon ya kawo haske ya nemi kalmar sirri, aka shiga neman takardar da aka rubuta ta, aka same ta a liƙe ƙarƙashin teburin. Ɗalibai uku da suka zo duba sunayensu suka leƙo ta taga, ɗaya ya ce ashe suna yi.

Mushe ya zauna ya fara bugawa da yatsa biyu, yana neman kowane harafi kamar mai tsintar ƙwarƙwata. Ya danna, jan rubutu ya fito. Ya ce kun gani, na'urar ta lalace da zama. Kubra tana tsaye bayansa, ta ce a hankali, "Mushe, ba ka rufe bakan layin ƙarshe ba." Ya yi kamar bai ji ba. Ta miƙa hannu ta kan kafaɗarsa ta danna abu ɗaya, sannan ta danna babban maɓallin. Ita da kanta, tana sane da makinta.

Ban iya karanta abin da ke sama ba, amma na san lamba. Ƙasan baƙin allon, ƙanana, 5 da 5.

Mushe ya ce a gwada wani. Aka yaye zane na biyu, aka ja waya. Biyar da biyar. Ya buɗe baki zai ce na uku, Alhaji ya ce batir.

Muka koma buro. Nan ne Alhaji ya tambaye shi ina takardar amsoshin da aka aiko daga Yamai, murya ƙasa-ƙasa, amma da Hausa, don fushi bai iya Faransanci ba. Mushe ya ciro talho ya nuna hoto. Wanda ya ɗauki hoton ya yanke ƙasan shafin, amsa ta goma sha bakwai ba ta fito ba. Kunya ta hana shi kira ya tambaya. Ya duba ya ga abu ne a fili, ya cike da kansa.

Alhaji ya jawo jerin sunaye ya bi da bik. Mutum shida ke da saba'in da biyu. In aka bi gaskiya, goma sha huɗunsa za su koma takwas, da Surajo tara. Gumi ya karyo mishi duk da fankar. Ya ce, "Baiwar Allah, shi marigayi ma ai mun cire sunansa. Furoje ba ya ba mamaci takarda."

Na ce da ya zauna egzamar da ransa ya zauna.

Ya riƙa buga bik a haƙori. Can sai fuskarsa ta washe. Ya ce ai ba a tonon silili a kan abin da ya wuce. Kuskure na makaranta ne, ba za a ɗora wa yara ba, kowa ya riƙe makinsa. Surajo kuma a ƙara mishi huɗunsa, ya zama saba'in da biyu. "Goma sha biyar cikin ashirin," in ji shi, yana kallon Mushe. "Uku bisa huɗu cif. Ya fi daɗin faɗa a rahoto." Ashe mamaci ba ya karɓar takarda, amma yana cika lamba.

Ni ban zo karɓe na kowa ba, na kuma ji sanyi saboda Kubra. Amma na ce saura ɗaya. Takarda sai ta yi wata biyu kafin ta zo, maganar kuwa tun jiya take yawo a Cadawa. Na ce Mushe zai zo rumfar Hamza ya faɗa da bakinsa. Mushe ya ce zai rubuta mini shaida da tambari. Na ce mutanen rumfar ba sa karatu, shi ya sa suke da lokacin yi wa masu yi dariya. Alhaji yana son in kwashe ƙorena daga teburinsa, ya ce Faruku zai je ranar Juma'a, shi zai zuba mishi mai a moto.

Ni ba na zuwa rumfar maza, matar Hamza ce ta kawo mini labarin, ita ke kai musu ƙosai. Ta ce bayan an sauko daga masallaci ya zo da takalminsa mai tsini, ya tsaya ya yi jawabi rabi Faransanci, har Hamza ya tambaye shi ko rigakafi aka zo yi. Sai ya ce, "Marigayi Surajo ya ci egzama. Akwai tambaya ɗaya da shi kaɗai ya ci a ajin. Ni ma na faɗi." Ta ce wanda ya fara magana Yaya Abdulrahaman ne. Ya ce, "Ai jininmu ne. Tun yana yaro na san kansa na ja, ni na riƙa ƙarfafa shi." Sauran suka ce ƙwarai, Injiniya ai ba wasa ba. Sunan dai bai canza ba, muryar da ake faɗinsa ce ta canza. Na ce ya ishe ni.

Takardar ta iso saura kwana tara in fita takaba. Alhaji da kansa ya kawo ta, da mai ɗaukar hoto, wai in riƙe ta a ƙirji in ɗan yi murmushi saboda rahoto. Na karɓi takardar na ce murmushin a cike shi da kai, tunda an iya. Yaya ya miƙa hannu wai a ɗauke shi da ita a madadin iyali, na ce hannunsa da maiƙo. Tana da tambari biyu, ɗaya ja ɗaya shuɗi, da sunan Surajo da manyan baƙaƙe. Na sa ta a leda na aje ƙarƙashin kayan ɗiyarsa ta fari, ita ce ta kai aji shida bana.

Kubra ta samu aiki a wani shagon buga takardu a Maraɗi. Ta aiko a gaya mini an sake buɗe ajin, kuma yanzu ana kunna na'ura ɗaya ranar Litinin, ko in sa sunana. Na ce a gaya mata na yi aikin ordinata wata uku da rabi ba a ba ni ko tambari ɗaya ba, ya isa.

Yanzu mu huɗu ne a gidan. Kullum da la'asar in na zo awon garin tuwo, hannuna na ɗibar na mutum biyar. Na'ura da sau ɗaya za a gaya mata ta gyara. Ni sai na ga tudun ya yi yawa a ƙwarya nake tunawa, in tsaya in ɗebi nasa in mayar cikin buhu, sannan in ɗora ruwa.